Sandar Fatsa: Kada Ƙyalli Ya Cinye Muku Kuɗin Tara

Ƙannena, kama babbar tarwaɗa a Tiga ko Kogin Haɗeja ba sai da sanda mai tsada ba. A ƙasan ruwa take kiwo, kuma da ta ji ƙugiya sai ta fizga zuwa cikin ciyayi. Don haka ku nemi sandar faiba mai tsawon mita 2 zuwa 2.5. Ta fi ta kabon araha, tana lanƙwasa ba ta saurin karyewa.

Kafin ku biya, ku tanƙwara ta, ku shafa zobbanta, domin zobe mai kaifi yana tsinka zare. Rarar kuɗin ku sayi zare mai ɗaukar kilo 15. Kuma kada kowa ya je bakin ruwa shi kaɗai. Sai mako mai zuwa.