Malam, Ba Kowace Mura Ce Mura Ba

Wani Malam ya rubuta cewa allurar rigakafin mura yaudara ce, tunda ana yin ta kuma a yi mura. Haba Malam! Atishawar da hunturu ke kawo mana a Ikara da Kudan, ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haddasa ta. Allurar ba da su take ba. Da infuluwenza take, wadda ke kwantar da tsoho da mai asma da mai juna biyu a gadon asibiti, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara.

Ba wanda ya ce garkuwar cikakkiya ce. Binciken Amurka ya nuna tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 a shekarar da ta dace da ƙwayar da ke yawo. Wanda cutar ta kama duk da haka, sau da yawa takan zo masa da sauƙi.

Abin da ya kamata Malam ya yi fushi a kai shi ne, allurar ba ta cikin rigakafin kyauta na yau da kullum a Najeriya. Dattijo mai ciwon suga a Makarfi, ina zai same ta?