AIKIN HANNU A GIDA: Ƙafafun Gaba na Motar Yara



Kaka ta yi, an yanke dawa, kara ya samu. Wanda ya bi hanyar Gwarzo daga Kano, ya wuce Janguza ya shiga ƙasar Rimin Gado, zai ga kara jingine a kowane gida. A nan gona tana jikin gona, ba wani daji da za a shiga neman itace, saboda haka kara abu ne mai daraja. Maigida yana so ya yi danga da shi, uwargida tana so ta hura wuta. Yaro kuwa mota yake gani a cikinsa. Ga Kirsimati ta matso, kuma ba kowane gida ne zai iya sayen abin wasa na kanti ba. To, a wannan wata bari mu taimaki yaranmu a wurin da motarsu ta fi ba su wahala, wato ƙafafun gaba.

Yaro yakan kwana biyu yana gina jikin mota da kara, ko waya, ko gwangwani. In ya zo kan ƙafa sai ya yi gaggawa. Ranar tsere kuwa, ko dai ƙafar ta cije tana jan ƙasa, ko ta fice ta bar motar a baya. Daga nan sai kuka.

Kada mu rena wannan aiki, gama manya ma suna yinsa. A shekarar 1957 aka fito da motocin wasa na Scalextric a Ingila, masu gudu da lantarki a kan hanya mai tsagi. Cikin shekarun 1960 wasan ya bazu a Amurka. Akwai masu tseren miƙaƙƙiyar hanya, waɗanda tsawon motarsu kashi 1 ne cikin 24 na motar gaske, hanyarsu kuma ƙafa 55 ce a maimakon rubu'in mil. Har yau akwai dattawa masu ajiye irin waɗannan tsofaffin motoci, suna cire ƙafafun gaba a hankali, su wanke, su mayar. Abin da suke kiyayewa shi ne yaron Rimin Gado zai kiyaye: sanda ta miƙe, rami ya zauna a tsakiya, ƙafa ta juya ba matsi ba lilo.

Kayan aiki

A nemi tsohon silifa mai kauri, da wayar ƙafar keke wadda aka daina amfani da ita, da bututun biro, da marfin kwalba ko guntun robar jarka, da ƙusa, da filaya, da fensir. Ba abin saye a ciki.

Yadda ake sa ƙafa

1. A gwada sandar tukuna. A mirgina wayar a kan faranti ko madubi. In tana tsalle, a karkace take. A daidaita ta ko a nemi wata.

2. A kifa gwangwanin tumatir a kan silifa, a zana, a yanka ƙafafu biyu masu girma ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya, motar za ta riƙa karkata wajen ƙaramar.

3. A nemi tsakiya. Ido yana ruɗi, kada a dogara gare shi. A zana da'irar nan a takarda, a yanke, a ninka biyu, a sake ninkawa. Inda layukan suka gamu nan ne tsakiya. A ɗora takardar a kan ƙafar, a yi alama.

4. A huda da ƙusa mai zafi, a tsaye sak. Wannan aikin uba ne ko babban wa, ba na ƙaramin yaro ba.

5. A yanko guntun bututun biro wanda ya ɗan fi kaurin ƙafar, a cusa shi cikin ramin ya kama sosai. Shi ne boris ɗin motar. Roba tana kama waya, amma bututun yana sulɓi a kanta.

6. A ɗaure sandar a jikin motar kada ta motsa, kowace ƙafa ta juya ita kaɗai. Dalili kuwa, in mota za ta sha kwana, ƙafar waje tana yin tafiya mai nisa fiye da ta ciki. In an haɗa su a sanda ɗaya mai juyawa, dole ɗaya ta ja ƙasa.

7. A sa washa ta marfin kwalba ko ta roba a ciki da waje, sa'an nan a toshe bakin sandar da ɗan guntun silifa mai matsi. Kafin a matse, a sa kwalin ashana tsakanin ƙafa da washa, a tura toshiyar, a zare kwalin. Wannan 'yar tazara ita ce asirin aikin duka.

Game da mai, kada a zuba man gyaɗa ko baƙin mai. Lokacin hunturu ne, ƙura za ta manne ta zama kamar yashi a cikin bututun. A goga bakin fensir a kan sandar, ya isa.

Yadda ake cirewa

Yara sukan kama ƙafa su yi ta girgizawa har ta fita. Haka ramin ke buɗewa, ƙafar kuma ba za ta ƙara zama daidai ba. A fara cire toshiya, sa'an nan washa, sa'an nan a zare ƙafar a miƙe. A jera su a kan tabarma yadda aka cire su, domin a san yadda za a mayar. In bututun ya cinye, a tura shi waje da bayan fensir, a sa sabo.

Manyan yara sukan samo boris na gaske a wurin mai gyaran babur. A wanke shi da kananzir, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa mai kaɗan. In za a sa shi a kan sanda, zoben ciki ake turawa. In a cikin rami ne, zoben waje. Kada a buga shi yadda ƙarfin zai bi ta kan ƙwallayen, zai lalace nan da nan.

Iyaye mata, ku lura. Ƙwallayen boris da ƙananan washa ba su da wuyar shiga bakin mai rarrafe. A lanƙwashe bakin waya da gefen gwangwani. In yaro ya yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus. Tsere kuma a fili za a yi, ba a bakin titi ba.

Ya ku 'yan'uwa, ƙafar nan tana da abin da za ta koya mana. In an matse ta ba ta juyawa, in an sake ta ta fice. Renon yara ma haka yake. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3:21 kada su tsananta wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karai. Eli kuwa, a 1 Sama'ila sura 2 da 3, ya sakar wa nasa, gidansa ya rushe. Uban da ya zauna da ɗansa awa guda a kan motar kara zai san hannun yaron da halinsa. Ubangijinmu kansa an san shi da sassaƙa a garinsu, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna. Saboda haka in yaro ya roƙi kara biyar daga cikin dami, a ba shi, a kuma zauna tare da shi.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba yadda ake haɗa sitiyari mai doguwar sanda. Allah ya ba mu Kirsimati mai albarka. Amin.