Harajin Tashi a Jirgi: Mu 'Yan Mota Ma Ya Shafe Mu

Ni dai ban taɓa shiga jirgin sama ba, tsakanina da shi sai kallo idan ya gifta ta saman makaranta. Shi ya sa da na tayar da zancen harajin fasinjojin jirgi a ɗakin kwananmu, wani abokina ya bushe da dariya ya ce, "Malam, kai da kuɗin Keke Napep ke gagara, ina ruwanka da rigimar masu hali?"

To ga ruwana. Bara aka kai gwaggona Masar a yi mata aiki. Karo-karo dangi suka yi, har da sayar da tumaki. Da na duba tikitinta, sai ga jerin haraji a ƙasan kuɗin kujera, kowanne da sunansa. Wallahi gwaggo ba mai kuɗi ba ce, mara lafiya ce kawai.

A shekarar 2020 hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ta ninka kuɗin da ake karɓa a hannun mai tashi: na cikin gida daga naira 1,000 zuwa 2,000, na ƙasashe masu nisa daga dala 50 zuwa 100. Hukumar NCAA kuma tana da kashi 5 cikin ɗari a kan kowane tikiti. Abin lura shi ne da dala ake lissafin na waje, don haka duk faɗuwar da naira ta yi, harajin ya ƙaru ke nan ba tare da sanarwa ba.

Kuma fa ba a kan matafiyi abin yake tsayawa ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je Sin ko Dubai saro kaya ba zai biya daga aljihunsa ba, a kan shaddar sallarmu zai fanshe. Ga kuma 'yan'uwanmu masu neman ƙaro karatu a waje.

Ban ce kada a karɓi haraji ba, filin jirgi na buƙatar gyara da tsaro. Amma ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A faɗa mana nawa aka tara, kuma me aka yi da shi, kafin a sake ƙari. Ita kanta ECOWAS ta amince a rage irin waɗannan kuɗaɗe, saura mu ga cikawa.

'Yan'uwana ɗalibai, mu daina cewa ba ruwanmu. Yau gwaggona ce, gobe ba a san ko wa ba.