A daina wanke mana kwamfuta da fetur a Taminus

Jama'a, duk wanda ya saba kai gyara Taminus ya san gorar nan da wasu masu gyara ke ajiyewa ƙarƙashin tebur. Ba ruwa ba ne a ciki, fetur ne. Ka kai kwamfutarka ta sha ƙurar hunturu tana zafi, sai a kwance ta, a tsoma buroshi a fetur a dirje allon cikinta, a shanya a rana, a ce maka an yi sabis.

Wannan ba gyara ba ne. Fetur na saurin bushewa, shi ya sa yake yaudarar ido, amma yana barin maiƙo, maiƙon ya sake kama ƙura, yana kuma cin roba da gam. Bayan wata biyu ta mutu, a ce NEPA ce.

Ta kwamfutar ma da sauƙi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, cikin ɗan shagon da ƙarfen solda ke da zafin sama da digiri 300, ga batir ɗin da ya kumbura a gefe, ga janareta a bakin ƙofa. A ina? A Taminus, inda babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002. Mutanen da suka wayi gari babu jari a ranar suna nan da ransu cikinmu. Mu ne za a koya wa abin da gobara ke yi?

Kada a ce muna raina dabarar talaka. Buroshin haƙori busasshe yana cire ƙurar fanka. Abin goge fensir yana tsaftace bakin RAM, kwamfutar da ta ƙi tashi ta tashi. Ba mu da ja a nan. Amma ruwan wanke allo sunansa isopropyl, mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, yana bushewa bai bar komai ba. Shi ma yana kama wuta, don haka kaɗan ake zubawa a rufe kwalba. In tsada ce, a saka a kuɗin aiki, za mu biya.

Masu binne waya a shinkafa kuma, kamfanin Apple da kansa ya ce a bari. Kashe ta, kada ka sa caji, ka kai a buɗe kafin tsatsa ta kama.

Shugabannin masu gyara, ku zagaya shaguna ku kwashe gorunan nan. Kai kuma mai kaya, kafin a taɓa maka na'ura, ce a miƙo kwalbar ka shinshina.