GIGIN TSUFA A ƘASASHEN ASIYA DA HUKUNCIN WANDA HANKALINSA YA GUSHE

 'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu juya fuska gabas, watau nahiyar Asiya, inda fiye da rabin Musulmin duniya suke zaune, domin mu duba wata cuta da take ƙaruwa a cikin tsofaffinsu. Ita ce wadda muke kira gigin tsufa, waɗansu kuma su ce ciwon mantuwa.

Mai wannan cuta yakan fara da manta inda ya ajiye carbinsa, sa'an nan ya ɓace a hanyar masallacin da ya yi shekara 40 yana zuwa, daga ƙarshe ya dubi ɗan cikinsa ya tambaye shi ko shi wane ne. Likitoci sun ce ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne suke lalacewa kaɗan kaɗan. Irin da ya fi yawa shi ne wanda wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani irin kuwa toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ce take kawo shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke fama da ita. Binciken da aka buga a 2020 ya sami kimanin miliyan 15 a ƙasar Sin kaɗai, na 2023 kuma ya sami kusan miliyan 9 a Indiya. A Japan, 'yan sanda sun karɓi rahoton ɓacewar masu wannan lalura fiye da 19,000 a shekarar 2023. Har wa yau, wani ƙiyasi na 2022 ya nuna adadin duniya zai kai miliyan 153 a 2050, kuma Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna kan gaba wajen saurin ƙaruwarta. Ashe ke nan zancen ya shafi gidajen Musulmi kai tsaye.

To, me ya kawo haka? Dalili na fari ni'ima ce, watau tsawon rai. A Japan, kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65 ko sun wuce, sauran ƙasashen kuma suna biye. Amma tsufa ba shi kaɗai ba ne. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kimanin kashi 45 cikin 100 na cutar. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, shan giya, ƙiba, rashin motsa jiki, ƙarancin karatu a ƙuruciya, raunin ji da na gani da ba a yi wa magani ba, gurɓatacciyar iska, da kaɗaici. Duk wanda ya san Asiya ya san inda waɗannan suka yi sansani. Masu shan taba a Sin sun haura miliyan 300. Ƙiyasin 2021 ya nuna manya kimanin miliyan 33 suna da ciwon sukari a Pakistan. Hayaƙin da yake rufe Delhi da Lahore lokacin sanyi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ga kuma 'ya'ya sun tafi birane neman abinci sun bar iyaye su kaɗai, har ta kai gwamnatin Sin ta sa doka a 2013 tana tilasta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu.

A nan ne maganar ta shigo fagenmu. Malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Shaɗibi, sun ce Shari'a ta zo ne domin tsare abubuwa 5: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Mun saba kawo haramcin giya misali na tsare hankali, mu tsaya nan. Lalle wanda likita ya ce masa yana da hawan jini, ya ƙi shan magani yana cewa ya dogara ga Allah, shi ma ya yi sakaci da wannan amana, domin tawakkali ba ya kore riƙo da sababi.

Kada kuma a ɗauka cutar azaba ce, ko shafar aljanu, ko maita, kamar yadda akan jefi tsofaffin mata da shi a wurare da dama, har da ƙasarmu. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na rayuwa a aya ta 70 ta Suratun Nahli da aya ta 5 ta Suratul Hajji, inda sani yake gushewa bayan samuwarsa. Malaman hadisi ma sun san shi, suna kiransa ihtilaɗi. Aɗa'u ɗan Sa'ibu na Kufa da Sa'idu ɗan Abi Aruba na Basra amintattu ne, amma haddarsu ta rikice a ƙarshen rayuwa. Malamai suka karɓi abin da aka ji daga gare su kafin rikicewar, suka ajiye na baya, ba su kuwa zubar musu da mutunci ba. In har ta sami irin waɗannan bayin Allah, wa zai yi wa wani gori?

Game da hukunci, hankali shi ne sharaɗin taklifi. Wanda hankalinsa ya gushe babu salla a kansa, kada a riƙa yi masa tsawa don ya yi raka'a 6 a Azahar. In yana farfaɗowa wani lokaci, sai ya yi sallar lokacin da ya farfaɗo. Zakka kuwa tana nan a dukiyarsa a wurin Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad, waliyyinsa ne zai fitar. Cinikinsa da kyautarsa da sakinsa ba su inganta. Saboda haka ɗan da ya kai wa uba takarda a cikin wannan hali, ya sa shi ya dangwala yatsa a kan gona ko gida, ya sani haram ya ci, ko da takardar ta samu karɓuwa a ofis. Abin da ya dace shi ne a je ga alƙali ya naɗa amintaccen da zai kula da dukiyar.

Nauyin da aka sauke wa tsohon, a kan 'ya'yansa aka ɗora shi. Haƙƙin uwa ba ya faɗuwa don ta daina gane ɗanta. A kai ta asibiti da wuri, a duba jininta da idonta da kunnenta, a zauna da ita ana hira, in ta maimaita tambaya sau 10 a ba ta amsa sau 10 da sakin fuska. Kada kuma a bar wa 'ya ɗaya ko suruka ɗaya dukan wahalar, sauran suna aiko da gaisuwa daga nesa.

Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, amin.