RA'AYINMU: Fushin Mako Uku Ba Ya Korar Ɓarawo Daga Daji

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Dutsin-Ma ko Kurfi a 'yan kwanakin nan zai ji magana ɗaya ake ta nanatawa, wai idan zaɓen 2027 ya zo talakawa za su koya wa manya hankali da ƙuri'a, saboda kashe-kashe da satar mutane da suka hana kowa barci. To, madalla. Sai dai muna tuna wa 'yan uwa matasa cewa an sha wannan alwashi har sau biyu a kan idonmu.

Na farko shi ne a 2015. Jama'a sun gaji da zubar da jini a ƙarƙashin PDP, suka kasa, suka tsare, suka raka, suka ɗora Muhammadu Buhari. A nan Katsina ma jam'iyyar Gwamna Ibrahim Shema, ɗan Dutsin-Ma, ta sha ƙasa a hannun Aminu Bello Masari na APC, wanda shi kansa ya yi Kakakin Majalisar Wakilai a cikin PDP ɗin daga 2003 zuwa 2007. An canza riga ke nan, jiki yana nan.

Me ya biyo baya? Ɓarayin dajin Rugu suka tashi daga satar shanu suka koma satar mutane. Gwamnati ta yi sulhu da su a 2016, ta sake a 2019, duka suka wargaje. A watan Yunin 2020 mutanen 'Yantumaki, maƙwabtanmu, suka tare hanya suka ƙona allon hoton shugaban da suka zaɓa da hannunsu, bayan an kashe musu Hakimi har gida. Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, alhali Shugaban Ƙasa yana hutu a Daura. A 2021 Gwamna da bakinsa ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Talaka ba bindiga, ba waya, ba gona.

Wannan ne ya kawo fushi na biyu. A 2019 Buhari ya samu ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a jihar nan. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 jam'iyyarsa ta kasa cin jihar haihuwarsa: Atiku Abubakar 489,045, Bola Tinubu 482,283. Gaskiya ne wahalar canjin kuɗi ta ƙara wa wutar fetur, amma wanda ya sayar da gonar gado ya fanso matarsa bai buƙaci layin banki kafin ya yi fushi ba.

Mai karatu, lura da nan. Mako uku cif bayan haka, ranar 18 ga Maris, jam'iyyar nan dai ta ci kujerar Gwamna da ratar ƙuri'a sama da dubu ɗari uku. Ba mu ce kowa ya sayar da ƙuri'arsa ba. Akwai waɗanda suka yarda da alkawarin tsaro na Dikko Raɗɗa tsakani da Allah. Amma kowa ya san yadda taliya da atamfa da 'yan canji ke yawo a unguwanni duk daren zaɓe, daga kowane ɓangare, kuma manya sun ɗauki darasinsu: fushin talaka ba ya wuce kwana ashirin da ɗaya, a yi haƙuri da shi kawai. Ba a jima ba ma Shema ya koma APC, aka haɗu a inuwa guda.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. A Oktoban 2023 an ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, kuma 'ya'yan talakawa ne a cikinta suke ba da rayukansu. Amma a wannan watan aka ɗauke ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya, kuma a 2025 sai ga dattawan Kurfi zaune da 'yan bindiga ana neman sulhu, su kuwa riƙe da makamansu.

Saboda haka kiranmu ga matasa shi ne, kada wani ya yarda a mayar da shi ƙauraye ko ɗan jagaliya a kan naira dubu biyu da ƙwaya, yana kare wanda 'ya'yansa suke Abuja ko Ingila. In ɗan takara ya shigo unguwarku, kowace irin hula ya sa, ku tsayar da kiɗan ku tambaye shi a gaban jama'a: ina yake ranar da aka shiga Wurma? Mutum nawa aka gurfanar gaban alƙali cikin masu kai wa ɓarayi mai da bayanai? Kuma a sharuɗɗan sulhun nan, me aka rubuta game da marayu da waɗanda aka kora daga gonakinsu? Ku rubuta amsarsa da kwanan wata, ku ajiye a wurin limamin unguwa.