Hoton da ba shi da suna ɓatacce ne

1/ 'Yan uwa masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, musamman mu 'yan Kankiya da Kusada, ina da magana. Mun iya ƙirƙirar sabon shafi, amma tsara abin da muka ɗora ya gagare mu. A ganina tsarin ya fi yawan muhimmanci.

2/ Mu fara da sunan gari. A takardun gwamnati Kankia ake rubutawa, a bakinmu kuma Kankiya. In kowa ya rubuta yadda ya ga dama, sai a wayi gari da shafi biyu kan gari ɗaya, kowanne rabi-rabi. Maganin: a tsayar da ɗaya, ɗayan ya riƙa tura mai karatu can.

3/ Sai hotuna. Mutum zai ɗauki kasuwa ko masallacin Juma'a, ya ɗora a Wikimedia Commons da suna irin IMG-20230512-WA0007. Don Allah wa zai nemo wannan? Ka rubuta "Kasuwar Kankiya, Jihar Katsina, 2023". Shi ke nan fa.

4/ Wannan WA ɗin ma alama ce ta WhatsApp hoton ya biyo. WhatsApp na matse hoto, ya goge bayanan da kyamara ta ajiye a ciki. Ku ɗora na asali daga wayar da ta ɗauka, kuma wanda ya ɗauka ne ke da hakkin sakinsa.

5/ Na uku, rukuni. Katsina na da ƙananan hukumomi 34. Shafin wani ƙauye a Kusada da ba a sa shi a rukunin Kusada ba, kamar akuya ce ba shaida a ranar kasuwa. Tana nan, amma ba mai cewa tasa ce.

6/ Na san za a ce aikin sa kai ne, ga tsadar data, ga karatu. Gaskiya ne. Amma rubuta suna mai ma'ana ba ya cin data. Gyaransa daga baya ne wahala, don a Commons ba kowa ke da ikon sauya sunan fayil ba, sai ka nema ka jira.

7/ Dattawan da suka san wane gini ne a hoton ba za su dawwama ba. Mu ma za mu gama jami'a mu watse. Wanda zai gaje mu suna da rukuni kawai zai tarar.

8/ Kafin ka buɗe sabon shafi a makon nan, koma ka gyara tsofaffi biyar. Allah Ya ba mu iko.